Filin Tambaya da Amsa: Taswirar Waya, Unguwannin Gari da Inda Ake Cin Abinci

Wasiƙun masu karatu na wannan fitowa sun karkata ga batu guda, wato manhajar taswira da ke cikin wayoyinmu, da ko za a iya dogara da ita wajen sanin gari da gano wuraren sayar da abinci. Mun zaɓi huɗu daga ciki, uku daga Bauchi, ɗaya daga Gombe, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa Bauchi, iyalina kuma ba su iso ba tukuna, don haka a waje nake cin abinci safe da dare. Tun kafin in zo ake ba ni labarin masar Bauchi, amma duk lokacin da na nemi gidan abinci a taswirar wayata, abin da take kawo mini bai wuce otal-otal da wuraren sayar da soyayyiyar shinkafa da kaza ba. Ban san gabas da yammacin garin ba, kuma ina jin nauyin yawan tambayar abokan aiki. Ta yaya zan yi amfani da taswirar in san unguwanni, in kuma gano inda mutanen gari suke ci?

Daga wani ma'aikaci, Bauchi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam, barka da zuwa garin Yakubu, Allah ya sa ka zo a sa'a. Abin da ya same ka yana samun kusan duk baƙon da ya sauka a garuruwanmu ya buɗe taswira yana neman abinci, kuma dalilinsa yana cikin yadda bayanai suke shiga manhajar tun farko. Google Maps, wadda ita ce a mafi yawan wayoyin Android da ke hannunmu, ta fara aiki a shekarar 2005, kuma tituna da gine-ginen da kake gani a cikinta an samo su ne daga hotunan sama da bayanan hukumomi da kamfanoni. Wuraren sana'a kuwa ta wata hanya suke shiga: ko dai mai wurin ya yi rajista da kansa, ko wani da ya ci abinci a wurin ya ɗauki ɗawainiyar saka shi, ko kuma manhajar ta tsinci sunan a wani shafi na intanet. Kamfanin Google, mai manhajar, ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa wajen jera sakamakon bincike, wato dacewar wurin da kalmar da aka rubuta, da nisansa daga mai nema, da kuma shahararsa, ita shaharar kuma ana auna ta ne da irin yawan sharhin da aka rubuta a kan wurin da yawan ambatonsa a intanet.

To, ka auna wannan da matar da take fitar da tandarta ƙofar gida bayan sallar asuba, ta riƙa zuba ƙullun shinkafar da ya kwana ya tashi, yara da magidanta su kewaye ta da kwanuka, tukunyar miyar taushe na gefe a kan murhu, kafin hantsi ya dubi ludayi ta kwashe kayanta ta shige gida. Ba ta da allo, ba a rubuta sunanta a ko'ina ba, masu sayen masarta kuma ba su taɓa tunanin ba ta tauraron yabo a manhajar waya ba, domin sun san ƙofarta tun suna yara. A ma'aunin manhajar wannan mata ba ta nan, alhali ita ce masar Bauchin da aka ba ka labari. Akwai gidajen masa da suka kafu da allo da kujeru, wasunsu kuma za ka same su a taswira, amma su ne 'yan kaɗan a cikin masu sana'ar.

Saboda haka shawarata ita ce ka sauya tambayar da kake yi wa taswirar. Ka daina tambayarta wane gidan abinci ne ya fi, ka koma tambayarta ina ne mutane suke taruwa, domin wannan ta san shi sosai, mai abinci kuma ba ya nesa da taron jama'a.

Ka fara da sanin shimfiɗar garin kafin ka rubuta sunan kowane abinci. Ka matse taswirar da yatsu biyu har garin gaba ɗaya ya shigo fuskar wayar, sannan ka bi manyan hanyoyin da suke fita daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Hanyar Jos ta yi yamma ta Wuntin Dada da Miri, hanyar Ningi da Kano ta yi arewa, a wajenta ne harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa take, hanyar Darazo mai kaiwa Potiskum da Maiduguri ta yi arewa maso gabas, hanyar Gombe ta yi gabas ta Alkaleri, ita kuwa hanyar Dass ta yi kudu maso yamma ta ratsa Yalwa da Gwallameji. Wanda ya riƙe waɗannan hanyoyi biyar a kansa da wuya ya ɓata a Bauchi, domin kowace unguwa za a iya kwatanta ta da ɗayarsu. A tsakiya kuma akwai tsohon birni, wanda Yakubu ya kafa a shekarar 1809 bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, don haka kai Basakkwace ba baƙo ba ne ƙwarai a nan. An kewaye birnin da ganuwa, kuma har yau da sunayen ƙofofinta mutane suke kwatance: Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Dumi, Ƙofar Wase da sauransu. Ka nemi waɗannan sunaye a taswira ɗaya-ɗaya, ka haɗa da fadar Sarki da babban masallaci, ka adana kowanne da alama, sai iyakar cikin gari ta fito maka fili.

Daga nan ka juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan'adam, abin da mutane da yawa ba su damu da shi ba, ni kuwa ina ganin ya fi komai amfani ga mai son fahimtar unguwanni. A hoton za ka ga inda rufin kwano ya cakuɗe, lunguna suka ƙuntata suna lanƙwasa, wannan shi ne tsohon gari da unguwannin da suka daɗe. Za ka ga inda filaye suka yi faɗi, bishiyoyi suka rufe gidaje, tituna suka miƙe, wannan ita ce GRA. Za ka kuma ga inda aka yanka filaye a jere, hanyoyin ƙasa ja ne, gine-gine da yawa ba a rufa su ba, waɗannan su ne sababbin unguwanni na bakin gari. Kowane iri da irin abincinsa: masa da ƙosai da koko na ƙofar gida sun fi yawa a na farko, gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki da takardar jerin farashi sun fi yawa a na biyu da bakin manyan tituna, na uku kuwa sau da yawa teburin mai shayi ne yake fara isa can kafin kowa.

Mataki na gaba shi ne neman abubuwan da suke tara mutane, su kuwa kusan dukkansu suna cikin taswira domin manya ne. Ka nemi kasuwar Wunti da kasuwar Muda Lawal da babbar kasuwa, ka nemi tashoshin mota, da asibitin koyarwa, da sakatariya, da harabar jami'a ta Yalwa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da masallatan Juma'a, da manyan shataletale. A kewayen kowannensu akwai dandazon masu abinci, ko taswirar ta nuna su ko ba ta nuna ba, kuma yanayin taron ne yake faɗa maka abin da za ka tarar. Bakin tasha wurin tuwo da shinkafa da wake ne, ana zubawa da sauri domin direba da fasinja ba su da lokacin jira. Unguwar ɗalibai wurin abinci mai sauƙin kuɗi ne, irin su indomi da ƙwai da awara da ɗanwake, kuma ba a tashi da wuri. Ƙofar asibiti wurin kunu da shayi da farfesu da 'ya'yan itace ne, saboda masu jinya.

Taruwar masu abinci a wuri guda kuma ba haɗari ba ce. Mai saye ya fi son zuwa inda idan wannan ya ƙare zai samu a wurin na kusa da shi, don haka layin da ke da masu tuwo biyar ya fi jan jama'a a kan wuri biyar da suke warwatse. Wasu sana'o'in ma jingina suke yi da juna: mai tsire yana kafa tukubarsa kusa da mai shayi domin wanda ya sayi nama zai nemi burodi da abin sha, mai fura tana zama kusa da mai tuwo domin wanda rana ta dake shi bai faye son abu mai nauyi ba. Amfanin sanin wannan a wurinka shi ne, duk inda ka ga alamomi uku ko huɗu na wuraren abinci sun haɗu a taswira, to ka ƙaddara cewa waɗanda ba a saka ba a wannan layin sun fi waɗanda aka saka yawa.

Yanzu ne ya kamata ka rubuta kalmar neman abinci, amma da dabara. Idan ka yi binciken daga masaukinka, manhajar za ta fifita abin da ke kusa da kai da abin da ya yi suna, shi ya sa kullum amsa ɗaya kake samu. Ka ja taswirar zuwa unguwar da kake son sani, ka buɗa ta har sunayen tituna su fito, sannan ka taɓa maɓallin da ke cewa a sake bincike a wannan yanki, ka yi haka a Wunti, ka yi a Yalwa, ka yi a Fadamar Mada, ka yi a hanyar Jos. Kada ka karanta jerin sunayen da ke ƙasa tukuna, ka dubi yadda ɗigon alamomin suka taru ko suka watse a kan tituna. Ka kuma sauya kalmomi, domin kalmar restaurant ita ce take jawo maka otal-otal. Gwada masa, waina, tuwo, suya, kilishi, balangu, fura, kowace da kanta. Haka sunayen unguwanni, sau da yawa da rubutun Turawa aka shigar da su, don haka idan Yalwa ba ta fito ba sai ka rubuta Yelwa. Tun shekarar 2016 manhajar ta fara shafa wani launi mai haske, tsakanin ruwan ƙwai da ruwan ƙasa, a kan sassan gari da shaguna da wuraren abinci suka yi yawa, kuma a inda ka ga wannan launi ya bayyana, wuri ne da ya cancanci ka taka da ƙafa.

Sauran aikin kuma na ƙafa da baki ne, a nan ne nake so ka cire nauyin da ka ce kana ji. Ka je wurin a lokacinsa, domin titi ɗaya yana da fuska uku a yini: da safe na masu masa da ƙosai ne, da rana na masu tuwo da shinkafa, bayan magariba na masu tsire da shayi, taswira kuwa fuska ɗaya take nunawa. Idan ka isa, ka yi sallama ga mai shago ko mai keke napep da ke tsaye a bakin layin, ka ce kai baƙo ne, ka tambaye shi inda shi kansa yake karyawa. Matambayi ba ya ɓata, kuma mutanen Bauchi suna alfahari da masarsu ƙwarai, da wuya ka tambayi mutum ya bar ka ba tare da ya nuna maka ƙofa ba. Duk wurin da ka ci ka gamsu, ka danna yatsa a daidai inda kake tsaye a taswira har alama ta sauka, ka adana ta da sunan da za ka gane, irin su masar bayan masallaci ko tuwon bakin tasha. Kafin iyalinka su iso za ka tarar ka gina taswirarka ta kanka a kan ta kamfanin.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, ni ɗaliba ce a Gwallameji. Na ga wani gidan abinci mai taurari biyar cif a taswira, na biya kuɗin keke napep na je da ƙawata, sai muka tarar an rufe wurin tuntuni, wani mai gyaran waya ne a shagon. Shin taurarin nan gaskiya ne kuwa?

Daga wata ɗaliba, Bauchi.

AMSA

'Yata, na tausaya muku a kan kuɗin motar da rana da kuka sha. Taurarin ba ƙarya ba ne dukkansu, amma adadin da ke gefensu ya fi su muhimmanci, wato yawan mutanen da suka bayar. A misali, wurin da mutum uku suka ba taurari biyar zai nuna 5.0, kuma yana yiwuwa mutum ukun nan mai wurin ne da ƙaninsa da abokinsa, shi kuwa wurin da mutum ɗari biyu suka yi wa hukunci ya tashi da 4.1 ya sha gwaji na gaske. A garuruwa irin namu, inda masu rubuta sharhi ba su da yawa, za ki riƙa cin karo da irin na farko fiye da na biyu.

Abu na biyu shi ne kwanan wata. Ki jera sharhin daga mafi sabo, idan na ƙarshe ya shekara biyu ko uku, to ki ɗauka wurin yana iya zama ya tashi, domin gidan abinci sana'a ce mai saurin buɗewa da saurin rufewa, kuma mai wurin da ya karye ba ya komawa waya ya sanar. Ki duba hotuna, ki bambanta waɗanda mai wurin ya saka da waɗanda masu saye suka ɗauka; na masu saye su ne suke nuna girman faranti na gaskiya da tsabtar tebur da yanayin wurin wanke hannu. Ki karanta sharhin masu ƙorafi kafin na masu yabo, idan mutum huɗu da ba su san juna ba suka koka da abu ɗaya, jinkiri ne ko ƙazanta, to akwai shi. Lokutan buɗewa da aka rubuta kuma kada ki dogara da su gaba ɗaya, musamman a unguwarku, inda wurare da yawa suke rufewa idan makaranta ta yi hutu, haka kuma ranar Juma'a da rana da cikin watan azumi tsarin kowa yakan sauya. Idan akwai lambar waya, kira ɗaya ya fi kuɗin zuwa da dawowa araha.

Ina kuma roƙonki abu biyu. Na farko, ki koma kan wannan wuri a manhajar, ki shiga sashen ba da shawarar gyara, ki nuna cewa an rufe shi, domin wata ɗalibar na nan tafe a bayanki. Na biyu, idan kin ci abinci a wuri mai kyau ki rubuta, ki faɗi abin da kika ci da farashinsa da lokacin da kika je, ko da Hausa ne. Idan kuwa ƙorafi ne, ki fara faɗa wa mai wurin baki da baki, kuma idan za ki rubuta ki tsaya a kan abin da idonki ya gani. Sharhi ɗaya mai zafi yana iya ja da ƙaramin gidan abinci ƙasa sosai idan masu sharhinsa biyar ne kacal, bayan wannan wurin kuma akwai iyalin da suke ci daga cikinsa.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ina son amfani da taswira amma tana cinye mini data, wani lokaci kuma sabis yakan ɗauke. Akwai mafita?

Daga wani mai karatu, Bauchi.

AMSA

Akwai, ɗan'uwa. Gano inda kake tsaye ba ya cin data, domin wayar tana sauraron saƙon taurarin GPS ne kai tsaye, waɗanda Amurka ta harba suke kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200, kuma da zarar ta ji huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa matsayinka, a fili marar shinge da kuskuren da bai wuce mita biyar ko makamancin haka ba. Abin da yake cin data shi ne sauko da zanen taswirar da hotuna, musamman hoton tauraron ɗan'adam. Google Maps tana ba da damar sauke yanki guda a ajiye a waya, don haka idan ka samu Wi-Fi ko datar dare mai araha, ka zaɓi Bauchi da kewayenta ka sauke sau ɗaya. Za ka iya neman wurare da bin kwatancen mota ba tare da sabis ba, sai dai ba za ka ga cunkoson hanya ko kwatancen tafiyar ƙafa ba, kuma taswirar da aka sauke tana buƙatar sabuntawa lokaci-lokaci. Akwai kuma manhajoji irin su Organic Maps da OsmAnd waɗanda aka gina a kan OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai suke zanawa tun 2004. Suna aiki ba intanet, suna da kyau wajen tituna, amma wajen neman abinci ba su da sharhi da hotunan da za ka dogara da su.

TAMBAYA TA HUƊU

Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a Tudun Wada ta Gombe, ina yin tuwo da shinkafa da dambu, ƙanwata kuma tana yin masa da alkaki a cikin gida ana aikowa a saya. Yarana sun ce baƙi masu zuwa gari ta waya suke neman abinci yanzu. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya saka mu a taswira. Ya kamata mu shiga?

Daga wata mai gidan abinci, Gombe.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Yaranki sun faɗa miki gaskiya. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996 take karɓar baƙi, ma'aikata da masu yi wa ƙasa hidima da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti daga jihohin maƙwabta, ga kuma jami'ar jiha da aka kafa a 2004 tana nan a unguwarku. Mutanen Jekadafari da Pantami da Bolari sun san inda za su ci, amma wanda ya sauka a tasha yau wayarsa zai fara dubawa, kamar yadda kika gani a wasiƙar farko ta wannan fili, kuma abin yana damuna ƙwarai cewa irin girkinku, wanda shi ne abincin garin na ainihi, shi ne ya fi ƙaranci a wurin da baƙo yake dubawa. Don haka ina goyon bayan ki shiga.

Shigar kuma kyauta ce. Ana yin ta ne ta tsarin da ake kira Google Business Profile, kuma duk ɗanki da ke da adireshin Gmail zai iya yi miki a zaune a shagon. Idan za ki ba wani ladan wahalarsa wannan tsakaninku ne, amma ki tabbata da adireshin Gmail ɗinki ko na ɗanki aka buɗe, domin wanda ya buɗe da nasa shi ke da iko da shafin, yana iya sauya lambar waya ko ya riƙe shi idan kuka saɓa. Kamfanin yakan nemi tabbatar da cewa wurin naki ne, wani lokaci ta ɗan gajeren bidiyo da ke nuna allon shago da cikinsa, wani lokaci ta lambar sirri da ake turowa. Wannan lamba kada ki karanta wa kowa a waya, ko da ya ce daga kamfanin yake kira.

Wajen cikawa, ki sa sunan da ke jikin allonki daidai, ki tsaya a ƙofar shagon lokacin da ake sauke alamar domin ta zauna a wurinta, kada ta faɗa bayan layi. A bayanin wurin ki lissafa abincin da sunayensu, tuwon shinkafa, tuwon masara, miyar kuka, miyar kuɓewa, dambu, domin da waɗannan kalmomi mai nema zai same ki. Ki sa a ɗauki hoton ƙofar shagon daga titi da rana, yadda mai zuwa zai gane ta tun daga nesa, da hoton abincin kamar yadda ake zuba shi kullum, ba na ranar biki ba. Ki rubuta lokacin da abinci yake sauka da lokacin da kike tashi, ki kuma gyara shi idan azumi ya kama da lokacin Sallah. Masu sayen da suka saba da ke kina iya roƙonsu su rubuta ra'ayinsu, amma kada ki saya, kada kuma ki yi alkawarin ƙarin nama a kan taurari, domin ƙa'idar kamfanin ta hana, suna iya goge sharhin, ban da cewa yaudarar mai saye ce.

Batun ƙanwarki daban ne, kuma a nan nake so ku yi nazari. Ita a cikin gidan aurenta take sana'a, saka alama a ƙofarta yana nufin duk wanda ke da waya ya san gidan, da lambarta, da lokacin da take ciki. Tsarin ya tanadi hanya ga masu sana'ar da ake kai wa mai saye kaya har inda yake, inda ake ɓoye adireshi a nuna yankin da ake kaiwa kawai, kamar a ce cikin garin Gombe da Tumfure. Idan tana da yaron aike ko ɗan acaɓa da ke kai mata saƙo, wannan ita ce hanyar da ta dace da ita, bayan sun yi shawara da maigidanta, da lambar da aka keɓe don sana'a. Idan kuwa ba ta kai wa kowa, abin da ya fi sauƙi shi ne ki sa masarta da alkakinta a cikin jerin abincin shagonki, mai so ya yi oda ya karɓa a wurinki.

Saura matsalar kwatance, tunda layuka da yawa a unguwanninmu ba su da suna a rubuce, wanda yake da suna ma ba da shi aka san shi ba. Idan ɗanki ya taɓa alamar shagon a taswira zai ga wani ɗan gajeren haɗin haruffa da lambobi mai alamar tarawa a tsakiya, ana kiransa Plus Code, yana nuna fili da bai wuce kimanin mita 14 a kowane gefe ba, kuma duk wanda ya rubuta shi tare da sunan gari a manhajar zai kai shi ƙofarki. Ki sa a rubuta shi a takardar da kike liƙawa a robar abinci da kuma shafinki na WhatsApp, amma ki haɗa shi da kwatancen baki irin wanda kika saba yi, wato sunan masallaci ko gidan mai ko makarantar da ke kusa da ke, da ko hannun dama ne ko hagu ga mai tahowa daga babban titi, domin mai keke napep da zai kawo baƙon da wannan kwatancen yake aiki.